Haruffa masu kauri da ƙafa: Clarendon ko Times New Roman?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa bangon littafi a kwamfuta, sai wani ya ce in rubuta sunan littafin da salon haruffan da ake kira Clarendon. Ni kuwa na saba da Times New Roman, in danna maɓallin B ya yi kauri. Ashe ba duk ɗaya ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne, ko da yake dukansu haruffa ne masu ƙafa, wato ɗan guntun layin nan da ke tokare ƙarshen harafi, wanda masu ɗab'i ke kira serif.

Buga H da Clarendon, ka ƙara girmansa har ya cika fuskar kwamfutar. Za ka ga ƙafar ta yi kauri kamar tubali, amma inda ta haɗu da sandar harafin an ɗan lanƙwasa, ba a bar kusurwa tsaye ba. Layin da ke tsakiya ma bai sirance sosai ba. Wannan ne ya sa ake karanta shi daga nesa ba tare da ya yi wa ido tsauri ba. Kamfanin Thorowgood da Besley ne ya fitar da shi a Landan a 1845, kuma tun asali mai kauri aka ƙera shi, don fito da muhimman kalmomi a tsakiyar rubutu, irin kan kalma a ƙamus. Daga baya masu fosta da alluna suka rungume shi.

Shi kuwa Times New Roman, jaridar The Times aka yi wa shi a 1932, don dogon rubutu a matsattsen shafi. Mai kaurinsa yana da kyau, amma siraran layukansa na nan da sirantarsu. Ɗora shi a kan hoto mai hayaniya, sai su ɓace. Don bango ni Clarendon zan ɗauka, kalma uku ko huɗu. Kada dai ka cika shafi da shi, mai karatu zai gaji tun a sakin layi na farko.

Ka kuma yi hattara da B ɗin nan. Idan salon haruffan ba shi da mai kauri na ainihi, kwamfuta ce za ta kumbura shi da kanta, ramin cikin haruffa irin su "a" da "e" ya toshe.

Sai abin da ya fi damun mu masu rubuta Hausa: kafin ka yi nisa, buga ƙ, ɗ, ɓ da manyansu. Salon haruffa da yawa ba su da su, sai ka ga ɗan akwati, ko manhaja ta aro harafin daga wani salon ya fito bare a tsakiyar kalma. In haka ta faru, koma wa Charis SIL ko Noto Serif. Suna da masu ƙugiyar duka, da mai kauri na ainihi.