Ma'aikatan jinya suna durƙushewa, mai asibiti ya ce rashin haƙuri ne

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ce shugabar ma'aikatan jinya a wani asibiti mai zaman kansa a Sabon Garin Zariya. Ma'aikatanmu kan haɗa aikin dare da na safe, albashi yana makara, ga zagin masu jinya. Wata ta daina barci, wata hawan jini ya kama ta, wata kuma saura kaɗan ta ba yaro maganin wani. Mai asibitin ya ce rashin haƙuri ne, su je a yi musu addu'a. Ana iya auna irin wannan haɗari kuwa, kuma doka ta san da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ana aunawa, doka ma ta san da shi, amma bari in fara da maganar mai asibitinku, domin ita nake ji kullum, kuma ita ta fi ɓarna.

Da ma'aikaci ya gaza, sai a koma kan halinsa: ko malalaci ne, ko ba shi da tawakkali, ko an yi masa sammu, amma babu mai buɗe jadawalin aiki ya ga awa nawa ya yi a tsaye. Ban raina addu'a ba, Allah ya sani, sai dai babu mai barin wayar lantarki a tsirara a ɗakin tiyata ya ce ma'aikata su yi haƙuri da ita. Aikin da ya fi ƙarfin mutum ma haɗari ne, kuma a tsarin aikin yake, ba a zuciyar ma'aikaciya ba. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Masu haƙuri suna cikinsu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda wannan fahimta ke kai bayin Allah: wajen mai lasifika a tasha da ke sayar da maganin cuta ɗari a kwalba ɗaya, ko mai kemis da zai miƙo tramadol don a jure dare, da ƙwayar barci don a runtsa da rana. Manyan ma'aikatu ma ba su tsira ba, sukan shirya taron bita na yini guda kan yadda ake jure damuwa, ranar Litinin kuma kowa ya koma kan jadawalin da ya kwantar da shi.

Wajen aunawa, ƙa'idar ISO 45003 ta 2021, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan kare lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikata a wurin aiki, ita ce jagora. Hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Birtaniya kuma ta taƙaita abin dubawa a fannoni 6: nauyin aiki, ikon ma'aikaci kan yadda zai yi shi, tallafin shugabanni da abokan aiki, zamantakewa, sanin iyakar aikin kowa, da yadda ake kawo sauyi. Ki raba takardar tambayoyi ba tare da suna ba, sannan ki haɗa amsoshin da rajistar awoyi, da hutun rashin lafiya, da kurakuran magani, ɗaki bayan ɗaki.

Wajen doka kuwa, Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 injuna da tsabta da iska ta fi kulawa da su. Wadda ta shafe ku ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda sashe na 8 nata ya amince da diyya kan matsananciyar damuwar da likita ya tabbatar daga aikin ta taso, har da wadda sauya tsarin aiki fiye da ƙarfin ma'aikaci ya haifar. Asusun NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na Gwamnatin Tarayya, shi ke biya, daga kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi da mai ma'aikata ke zubawa, don haka ki bincika ko asibitinku ya yi rajista. Najeriya ta kuma amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki a 2022.

Wadda ta daina barci kuwa, a cire ta daga aikin dare tun yau, ta ga likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Shika, ta kuma karɓi rahoto a rubuce, domin da shi ake neman diyya.