Kai Mai Kiran Ganuwa Tsoro

Abokina, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini. Wai malaminku na makarantar soja ya ce ku rubuta yadda ake tsare gari, shi ne kake tambaya ko da gaske ne a da ana rufe ƙofofin Kano da faɗuwar rana, kuma ko shiga bayan ganuwa a kulle ba tsoro ba ne. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Daga baya kuma jikina ya yi sanyi, don yaron da ke kiran tanadi tsoro, ga shi an danƙa masa bindiga, abin a taya shi da addu'a ne.

Ni ban tarar ana rufe ƙofa ba, kada ka tsufar da ni fiye da yadda nake. Kakana ne ya gani, kuma shi ba ya ba da labari a zaune. Wata ranar kaka, bayan an yanke gero, ya ce in koro jaki mu je ɗauko kara. Muna isa Ƙofar Kabuga ya ce in tsaya a tsakiyarta in buɗe hannuwana. Ya ce, “Mahaya nawa za su shiga nan a jere?” Na ce da ƙyar biyu. Ya ce to ko dubu suka zo, biyu-biyu za su shigo, masu baka kuwa na bisa kansu. Ya nuna mini gurbin da ƙyaure yake a da, ya nuna gwalalon da ke waje, wanda a zamaninsu cike yake da sarƙaƙiya, doki ba ya kusantarsa.

Sai muka hau badala, yana haki, ina riƙe da sandarsa. Ni na zaci waje zai nuna mini, inda abokan gaba ke ɓullowa. Sai ya juya ni ciki. Ga Gwauron Dutse, ga Dala can, ga gonaki shimfiɗe, ga kududdufai suna ƙyalli, gidaje kuwa sun taru a gefe guda. Ya ce, “Ka ga wannan filin da ba kowa? Shi ne ganuwar. Ƙasar da muke tsaye a kai rakiya ta yi.” In aka kewaye gari, mutanen ƙauye su shigo da shanunsu da hatsinsu, a yi noma a ciki, a sha ruwa a ciki. Na waje shi guzurinsa ke ƙarewa, damina ta kama shi, dawakinsa su rame, ya naɗe tabarmarsa. Wanda ya kewaye ka yana ƙirga rumbunanka ne, in ji shi, kai ma ka ƙirga nasa.

Kuma ba dare ɗaya aka yi ta ba. Sarkin Kano Gijimasu ya fara ganuwar wajen shekara ɗari tara da suka wuce, Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ma ya ƙara. Ginin ƙasa ne, ruwan sama na cin sa, don haka da rani ake fitowa gayya ana liƙe inda ya zube. Manyanmu cewa suke ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan bisa badalar ya ba ni labarin zuwan Nasara a 1903, lokacin yana ɗan saurayi. Daga Zariya suka taso, Kanar Molan ne gabansu, ba su kai dubu ba, kuma yawancinsu baƙar fata ne, har da masu jin Hausa. Da ya zo nan sai ya tofar da yawu ya ce da ɗan gari akan ci gari. Sun zo da igwa da bindiga mai ruwa. Ganuwar kanta igwa ba ta rusa ta ba, kaurinta ya wuce nan. Ƙofa suka nema, ta Kabugar nan suka shigo. Sarki Alu kuwa ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mahayansa, an bar Sarkin Shanu da tsaro, shi kuma ya tsaya har aka kashe shi a gidan sarki. Mahayan da suka juyo daga Sakkwato a Kwatarkwashi suka gamu da Nasara a fili, can Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi. Ka ga ganuwa na nan ba barade, barade na can ba ganuwa. Wannan ka rubuta wa malaminku, in yana da hankali zai gane.

Su mutanen zamanin da, ba a bayan katanga kawai suke kwanciya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, shi da kansa ya zauna a Wurno, don a ji motsin abokin gaba tun yana nesa. Fatake ma kunnuwan sarki ne, sarkin ƙofa ya san wanda ya shigo da gidan da zai sauka.

Yanzu fa? Kun yashe badala kun yi tubali, kun cike kududdufai kun kafa shaguna, ruwa ya rasa hanya yana bin mutane har ɗaka. Baƙo ya kama haya wata da watanni mai unguwa bai san sunansa ba. Ku kuma kowa kansa na cikin waya, hoton kaki kuke sakawa duniya na gani, har da wurin da aka kai ku. Uwarka ta nuna mini naka na watan jiya, da allon barikin a bayanka. Ka cire shi yau ɗin nan, kada in sake ji.