Nawa ne tallafin Pell yake bai wa ɗalibi a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar unguwar Bronx ce a New York, kuma ni da iyalina muna da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin. 'Yata ta fari za ta gama sakandare bana, maigidana kuma tuƙin tasi yake yi. Na ji an ce gwamnati tana bai wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kuɗin karatu. Nawa ne, kuma za a biyo mu bashi daga baya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wanda kika ji labari shi ne tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda aka kafa a 1972, daga baya aka sa masa sunan Sanata Claiborne Pell. Kyauta ce, ba rance ba. Girin kad ɗinku kuma ya wadatar, don masu bizar karatu ne ba a bai wa.

A shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, mafi yawan abin da ake bayarwa dala 7,395 ne, mafi ƙanƙanta kuma dala 740. To amma kada ki ɗora lissafinki a kan 7,395 tukuna, domin ba kowa ake cika wa ba. Sai an cike fom ɗin FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, a duba kuɗin shigarku na shekara da yawan bakunan da kuke ciyarwa, sannan a fitar da wata lamba da ake kira SAI, mai auna ƙarfin aljihun iyali. Idan lambar sifili ce ko ƙasa da haka, 'yarki ta samu cikakken kuɗin. Idan kuwa ta fito 2,000, sai a debe ta daga 7,395, saura 5,395. Tunda maigidanki mai zaman kansa ne, takardun harajinsa su ne madogara, sai ku tabbatar ya shigar da su yadda ya kamata.

Akwai kuma inda na ga iyaye da yawa suna tuntuɓe. Cikakken kuɗin na wanda ya ɗauki kiredit 12 ne zuwa sama a zango (kiredit shi ne ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya ɗauka). Yarinya ta rage zuwa 6 don ta samu lokacin aikin kanti, rabi za a ba ta. Idan ta ajiye karatun a farkon zango, ana iya neman ta mayar da wani kaso. Kuma a duk tsawon rayuwa zango 12 kacal ake bayarwa, wato kimanin shekara 6, ga wanda bai riga ya yi digirin farko ba. Shi ya sa ba na son in ga yaro yana sauya kwas duk shekara.

Zamanku a New York ma riba ne. Jihar tana da nata tallafin, TAP, da yake kaiwa dala 5,665, kuma ana haɗa shi da Pell. Kuɗin makaranta a manyan kwalejojin CUNY, wato jami'ar birnin New York, dala 6,930 ne a shekara ga ɗan jiha. Ke nan idan ta samu duka biyun cikakku, za a biya makaranta har a miƙo mata ragowar ta sayi littattafai da tikitin jirgin ƙasa.

FAFSA a kan buɗe shi ne a watan Oktoba, cikewa kyauta ne, kuma duk shekara ake sabuntawa. Ku cike da wuri, saboda akwai wani ƙarin tallafin, FSEOG, daga dala 100 zuwa 4,000, wanda makarantu ke rabawa daga ɗan abin da aka ware musu. Da ya ƙare, sai baɗi.