Amsa: Yaya Bajamushe mai shagon taba ya rayu a New York a da?

Ɗan uwa, tambayarka ita ce yadda Jamusawa masu sana'ar siga, wato tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye, suka rayu a New York, da inda za ka samo tarihin wani daga cikinsu.

Da yawa sun zo ne bayan juyin juya halin 1848 a Jamus, suka taru a unguwar Kleindeutschland ta Manhattan. Ƙaramin shago ne a gaba, a baya kuma mai gida da matarsa har da yara suna cire jijiyar ganye suna naɗi da hannu, a nan ake kwana a nan ake cin abinci, warin taba ya kama komai, wallahi abin tausayi ne. Jihar New York ta hana naɗin siga a gidajen haya amma kotu ta soke dokar a 1885.

Wajen neman tarihi, inda mutane ke ɓata lokaci shi ne Ellis Island, tashar karɓar baƙi masu shigowa Amurka, don sai 1892 aka buɗe ta. Daga 1855 zuwa 1890 ta tashar Castle Garden ake shiga. Ka lura da suna ma, Müller kan koma Miller. Takardun ƙidayar 1890 kuwa gobarar 1921 ta lalata mafi yawansu.

In ka samu tsohuwar wasiƙa da rubutun Jamusanci na da, nemi ƙwararre ya karanta maka, ko ka tuntuɓi sashen tarihin iyali na laburaren birnin.