Jinyar Mahaifiyata Ta Fara Fin Ƙarfina, Yaya Zan Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma tun da aka sallamo ta daga asibiti ni nake jinyarta a gidana, ga yara ga hidimar maigida. Yayyena maza suna turo kuɗin magani, amma wanka da ciyarwa da kwanan zaune duk a kaina suke. Yanzu barci ya ƙaurace mini, abu kaɗan sai in fusata, har na kai ga ɗaga mata murya, daga baya in shiga ɗaki in yi ta kuka. Rashin haƙuri ne ke damuna ko wata cuta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da mafificin alheri. Abin da kika bayyana ba rashin haƙuri ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Gajiya ce mai tsanani da ke taruwa a jiki da zuciya idan mutum ya daɗe yana ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsa ba tare da hutu ba. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a wurin aiki da alamomi uku: ƙarewar kuzari, da jin zuciya ta fita daga aikin, da raguwar iya yin sa yadda ya kamata. Ma'aikata hukumar take nufi, amma masu jinya a gida suna fuskantar kusan abu ɗaya, kuma su ba su da lokacin tashi daga aiki.

Bai kamata a ɗauki lamarin da wasa ba. Wani bincike da Richard Schulz da Scott Beach suka wallafa a Amurka a 1999 ya bi diddigin tsofaffin da ke jinyar mazajensu ko matansu tsawon shekara 4, ya gano cewa waɗanda jinyar ta jefa cikin matsi sun fi takwarorinsu da ba sa jinya haɗarin mutuwa da kashi 63 cikin ɗari. Abin lura shi ne, waɗanda suke jinyar amma ba su shiga matsi ba, ba a ga irin wannan ƙari a tare da su ba. Ke nan jinyar ba ita ce ke kayar da mutum ba, matsin da take jefa shi a ciki ne.

Saboda haka gyara na farko yana hannun yayyenki. Kuɗin magani taimako ne babba, amma ba ya juya mara lafiya da tsakar dare, kuma kula da uwa wajibi ne a kan 'ya'yanta duka, maza da mata. A ganina, abin da ya fi cutar da mata masu jinya a gidajenmu shi ne kunyar neman taimako, domin da zarar mace ta ce ta gaji, sai a tuna mata da ladan da take samu, ita kuma ta yi shiru. Ladan gaskiya ne, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki nemi a yi zama na dangi, in da hali a gaban wani babba da ake jin maganarsa, ki lissafa musu ayyukan yini guda ɗaya bayan ɗaya. Kada ki tsaya a kan "ku riƙa taimakawa", domin irin wannan roƙo kowa zai amsa da to, babu kuma wanda zai zo. A ambaci suna da rana: wane ne zai kai ta asibiti wajen gashi, wace ce za ta kwana da ita daren Juma'a, wa zai biya mai aikin da za ta riƙa wanki.

Daga cikin duk abin da za a raba, dare ya fi muhimmanci. Mara lafiyar da ba ta iya motsi da kanta tana buƙatar a juya ta kusan duk bayan awa 2 don kada ta samu gyambon kwanciya, alhali baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Mutum ɗaya ba zai iya haɗa waɗannan biyun ba, kuma mafi yawan fushin da kike ji daga nan yake tasowa. Ki samu aƙalla dare biyu a mako da za ki yi barci a wani ɗaki dabam, wata tana tare da Mama.

Ki kuma roƙi likitan gashi ya nuna miki yadda ake ɗaga ta da zaunar da ita ba tare da kin illata bayanki ba, ki bar ta ta yi abin da za ta iya da hannunta mai lafiya, kamar cin abinci, ko da za ta ɗauki lokaci, domin hakan yana taimaka wa murmurewarta. Masu zuwa dubiya kuwa, a sa musu lokaci, kuma babu laifi ki bar wadda kika amince da ita ta zauna da Mama ke ki fita makarantar Islamiyya ko gidan ƙawa. Ki riƙa auna hawan jininki duk ranar da aka auna nata.

Idan kika ji fushi ya taso, ki tabbatar tana kwance lafiya, ki fita daga ɗakin na mintuna kaɗan kafin ki dawo. Amma idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka zarce mako biyu, ko kika daina cin abinci, ko kika fara shan maganin barci ba da izinin likita ba, to ki je asibiti a duba ki, domin wataƙila ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. In kuwa tunanin cutar da kanki ko cutar da ita ya taɓa zo miki, ki faɗa wa maigida ko wani na kusa a ranar, a karɓi jinyar daga hannunki, a kai ki wurin likita ba tare da jira ba.