Sarki yana iya cin sarauniyar da ta yi masa cek?

Tambaya: Malam, ina buga wasan ces da ƙanina, na kawo sarauniyata gidan da ke jikin sarkinsa na ce masa cek, wato an kai wa sarkinsa hari. Sai kawai ya sa sarkin ya cinye ta. Na ce bai halatta ba, domin sarkin da aka yi wa cek gudu kaɗai ne nasa. Har yanzu muna ta musu. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙaninka ne da gaskiya, muddin babu wani ɗanka da ke tsare wa sarauniyar baya. Sarki yana tafiya gida ɗaya ta kowace fuska, gaba, baya, gefe ko a karkace, kuma yana ci kamar yadda yake tafiya. Abu ɗaya tak aka hana shi: ya shiga gidan da ɗan abokin hamayya zai iya kai masa hari. Don haka kafin ka manna wa sarki sarauniya, ka tambayi kanka: in ya ci ta, wa zai rama mini? In babu, to kyauta ka ba shi.

Jera 'ya'yan a kan allo ka gwada wannan. Kowane gida yana da suna: harafi, a zuwa h, ana ƙirgawa daga hagun fari, da lamba, 1 zuwa 8, ana ƙirgawa daga gefen fari. Fari ya tura soja e4, baƙi ya amsa da e5. Fari ya kai bishof c4, baƙi ya fito da doki c6. Fari ya kai sarauniya h5, baƙi ya sake fito da doki f6. Sai sarauniya ta ci sojan f7. Ga ta nan hanci da hanci da sarkin baƙi a e8, amma ba ya iya taɓa ta, saboda bishof ɗin c4 yana kallon f7. Ba wurin gudu, ba mai tarewa, wasa ya ƙare a motsi huɗu. Yanzu ɗauke bishof ɗin ka mayar da shi gidansa na f1. Sarauniyar nan da ta gama wasa ɗazu ta zama nama, sarki zai ɗauke ta salin alin. Ina kyautata zaton irin wannan ne ya same ka.

Wanda aka yi wa cek yana iya matsar da sarki, ko ya sa wani ɗa ya tare hanya, ko ya ci mai harin, da sarkin ne ko da wani ɗan daban. Idan duka ukun suka gagara, shi ne cekmet. Harin doki ba ya taruwa tunda tsallake yake yi, kuma sarki ba ya iya cin dokin da ya yi masa cek, domin ba ya kusa da shi. In 'ya'ya biyu suka yi cek lokaci guda, dole sarki ya motsa. Sarakuna biyu kuwa ba sa zama a gidaje masu maƙwabtaka.

Akwai wani wuri da nake so ka kula da shi sosai, domin har waɗanda suka daɗe suna wasa yana ruɗa su. A ce sarkin fari yana e1, dokinsa yana e5, hasumiyar baƙi tana e8, ba komai tsakanin sarkin da hasumiyar sai dokin. Dokin nan a ɗaure yake, in ya gusa sarkinsa zai fito fili. Sai sarauniyar fari ta sauka f7 ta yi wa sarkin baƙi da ke g8 cek. Mai baƙi zai ce ai dokin ba ya motsi, bari in ci ta. Bai halatta ba. Dokokin FIDE, hukumar wasan ta duniya da aka kafa a Faris a 1924, sun fayyace a sashe na 3.9 cewa ɗan da aka ɗaure yana nan da harinsa a kan sarki. Dalilin a fili yake: da ana cin sarki, dokin zai riga hasumiyar kai hannu, wasa ya ƙare kafin ta motsa.

Shi sarki ba a cire shi daga allo ko kaɗan. Idan ƙaninka ya manta ya bar sarkinsa cikin cek, kada ka ɗauke shi, ka nuna masa ya mayar da motsin ya sake. A gasa mai dogon lokaci, kuskuren farko irin wannan yana sa a ƙara wa abokin wasa minti 2, na biyu kuma ya jawo faɗuwa. Furta kalmar cek ma ba dole ba ne a doka, amma tsakaninka da ƙaninka ka riƙa faɗa masa har idonsa ya saba gani da kansa.