Amsa ga mai tambayar sabunta lasisin bindiga na Yuta bayan ya koma Ohayo

Wa alaikumus salam Malam. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, ina kan hanya ne shi ya sa sai yanzu. In na fahimce ka daidai, ka yi lasisin ɗaukar bindiga na jihar Yuta a Amurka tun kana zaune a Bronx da ke Niyok, yanzu ka kwashe iyali kun koma Kolombos a Ohayo kana tuƙin tirela, saura kamar wata biyu katin ya mutu, ba ka ga wata wasiƙa daga hukumar Yuta ba, kuma har yanzu girin kad gare ka, wato katin izinin zama na dindindin, ba ka zama ɗan ƙasa ba. Kana tambaya ko kawai ka shiga intanet ka biya a sabunta maka. Wasu sun ce maka eh shiga kawai, minti goma ne. Gaskiyarsu ga wanda bai tashi daga inda yake ba, amma kai ka tashi, kuma tashin nan naka ya canza lissafin gaba ɗaya.

Ga yadda abin yake. Lasisin Yuta shekara 5 yake yi, ofishin binciken tarihin laifuka na jihar da ake ce wa BCI ne ke bayarwa, kuma tun 2011 suka sa doka cewa duk wanda ba mazaunin Yuta ba ne, in dai jihar da yake zaune tana karɓar lasisin Yuta, to sai ya fara mallakar na jiharsa ya haɗa kwafinsa da takardun neman. Lokacin da kake Niyok wannan sharaɗin bai hau kanka ba sam, saboda Niyok ba ta karɓar lasisin kowace jiha, shi ya sa ka zauna aji na 'yan awoyi, aka ɗauki zanen yatsunka da hoto, kati ya zo maka har gida ba wanda ya tambaye ka komai. Ita kuwa Ohayo tana karɓa. Ke nan yanzu in ka je sabuntawa da adireshin Kolombos, abin da za su nema shi ne kwafin lasisin Ohayo, kai kuma ba ka da shi. Kada kuma wani ya ba ka shawarar wai ka sa tsohon adireshin Bronx tunda akwai ɗan'uwa a gidan da zai karɓar maka wasiƙa. Na san ana yin haka a wasu abubuwan, amma wannan fom ne na bindiga da kake sa hannu a kai cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne, ga lasisin tuƙinka na Ohayo yana ƙaryata ka, ga batun zama ɗan ƙasa yana gabanka inda za a tone duk wata takarda da ka taɓa cikewa. Bai kai ba wallahi.

Maganar wasiƙa kuwa, in ma sun turo tana can tsohon gidanka. Ka shiga shafinsu ka gyara adireshi tun yau, dama ƙa'ida ce mutum ya sanar da su cikin kwana 30 da tashinsa.

To sai ka fara da na Ohayo. Sherif, wato shugaban jami'an tsaro na gunduma, ne ke bayarwa, kai naka na gundumar Franklin ne. Sai ka yi horo na awa 8, a ciki awa 2 a filin harbi za ka yi su da harsashi na gaske, kuma ajin da ka yi na Yuta ba zai wadatar ba domin shi babu harbi a cikinsa, ga shi ya tsufa. Bayan ka kai takardu an ɗauki yatsunka, doka ta ba sherif har kwana 45. In ka haɗa neman ranar aji da neman ranar ganin sherif da kwana 45 ɗin nan, ga ka kuma kullum kana kan titi, da wuya ka gama kafin na Yuta ya mutu. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, Yuta suna bari a sabunta tun saura kwana 90 har zuwa shekara guda bayan mutuwar katin, ɗan ƙarin kuɗin makara ne kawai in ka ja lokaci. In ya wuce shekara ne za ka koma farko da sabon aji da sabon zanen yatsu. Abin da nake so ka riƙe shi ne, daga ranar mutuwarsa da ke rubuce a jikin katin, katin nan ba shi da wani amfani har sai sabo ya shigo hannunka. Rasit ɗin biyan kuɗi ba lasisi ba ne, ɗan sandan da ya tsayar da kai a wata jiha ba ruwansa da cewa takardunka suna hanya.

Ka tafi da girin kad ɗinka ranar ganin sherif, za su nemi lambar da ke jikinsa. Kuma ka duba yadda aka rubuta sunanka a ko'ina. Mu mutanenmu wannan yana ba mu wahala, a fasfo Muhammad, a lasisin tuƙi Mohammed, wani wajen an mai da sunan uba ya zama na tsakiya, ga sunayen namu mutum dubu ne ke amsa iri ɗaya, sai binciken ya tsaya ana ta tantance ko kai ne wani da ake nema. Ka rubuta shi daidai harafi da harafi yadda yake a katin gwamnati. In hannunka ya yi kanta saboda ɗaure kaya, ka riƙa shafa mai kwana biyu kafin ranar, yatsun da suka bushe na'urar ba ta kama su sosai.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma ni a ganina ya fi komai. In ka samu na Ohayo, ka zauna ka duba ko ma kana buƙatar na Yuta. Mutanen Niyok da Niyu Jazi suna rububin na Yuta da na Fulorida ne saboda na jiharsu yana wahalar samu. Kai yanzu ka samu jihar da ke bayarwa cikin sauƙi, kuma lasisin jihar da mutum yake zaune ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Mishigan, wadda kuke maƙwabtaka da ita, lasisin mazaunin jiha kawai take karɓa, wato katin Yuta a hannun mutumin Ohayo ba komai ba ne a Ditroit, amma na Ohayo yana aiki. Kolarado ma haka, sai jihar da ke kan lasisin bindigar ta yi daidai da ta lasisin tuƙinka. Ni dai har yanzu ina sabunta nawa na Yuta saboda kuɗin ba yawa kuma yana ɗan ƙara min wata jiha a hanyoyin da nake bi, amma na jihata shi nake tsarewa kamar ido. Ka ɗauki taswirar hanyoyin da kamfaninku ke tura ka, ka duba kowace jiha a shafin babban lauyan gwamnatinta ko na 'yan sandanta, ba a manhajar waya kaɗai ba, don yarjejeniyoyin nan suna canzawa, sabon babban lauya yana iya hawa ya soke wadda na baya ya ƙulla.

Wani zai ce ai Ohayo tun Yunin 2022 ba a buƙatar lasisi, duk wanda ya kai shekara 21 kuma ba a haramta masa ba yana iya ɗauka. Haka ne, jihohi fiye da rabi ma sun koma haka. Sai dai akwai dokar tarayya ta 1990 da ta hana shiga da bindiga a cike cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, kuma wanda aka ɗauke wa wannan shi ne mai lasisin da ita jihar da makarantar take ciki ta bayar. Na Yuta ba ya kare ka a gaban makaranta a Kolombos, rashin lasisi ma ba ya kare ka. Ka lissafa makarantu nawa kake wucewa daga gida zuwa masallaci.

Sai batun komawa Bronx gaida 'yan'uwa ko kai lodi gabas. Malam, Niyok, Niyu Jazi, Merilan, Masacusets, Kanetikat, Kalifoniya, duk ba sa karɓar lasisin wata jiha, ko na Yuta ko na Ohayo ko ka haɗa guda biyar a walat. Hukuncin Bruen na Kotun Ƙoli a 2022 ya tilasta musu su daina cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi nasu, amma bai ce su karɓi na wasu ba, mutane da yawa suna rikita wannan. A 2013 wata mata 'yar Filadelfiya mai 'ya'ya biyu, da lasisinta na Fensilbaniya lafiyayye, aka tsayar da ita a Niyu Jazi kan laifin tuƙi, ita da bakinta ta gaya wa ɗan sandan tana da bindiga da lasisi, aka kama ta, tana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara uku da rabi ba. Sai da aka yi ta surutu a faɗin ƙasar, daga baya gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa a 2015. Ita 'yar ƙasa ce. Kai mai girin kad, in kotu ta same ka da laifin da ya shafi bindiga, ko da ƙarami ne, dokar shige da fice ta ba da damar a kore ka daga Amurka, kuma lauyan da zai ce ka amsa laifi a rage maka hukunci ba lallai ya kula da wannan ɓangaren ba. Dama su masu bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana su riƙe bindiga in ban da 'yan togaciya kamar mai lasisin farauta, don haka ƙannenmu ɗalibai da ke karanta wannan su cire ransu.

Akwai dokar 1986 da direbobi ke yawan kafa hujja da ita, wadda ta ce kana iya ratsa jiha da bindiga in ta halatta gare ka a inda ka taso da inda za ka, da sharaɗin ba harsashi a ciki, tana kulle, hannunka ba ya kai gare ta. Motar da ba ta da but kamar kan tirela, sai a akwati mai makulli, ba aljihun gaban mota ba. Amma ratsawa aka ce. In Niyu Jazi za ka sauke kaya, to can ne inda za ka, dokar ba ta rufe ka ba, kwana a hanya ma ya sha jawo wa mutane shari'a, kuma a jihohin nan sau da yawa kama ka za a fara yi, ka je ka kafa hujjar a gaban alƙali. Ni duk ranar da lodi ya nufi can, a gida nake barinta a kulle. Ka kuma karanta takardar da ka sa wa hannu da kamfaninku, yawancin manyan kamfanoni sun hana bindiga a motarsu ko doka ta yarda, sannan barikin soja da tashar jiragen ruwa da iyakar Kanada ba a ma fara wannan maganar.

In aka tsayar da kai, jiha jiha ce. A Ohayo yanzu sai ɗan sanda ya tambaya za ka faɗa, a Mishigan kuwa dole ka faɗa nan take. Ni ko'ina faɗa nake yi, fitilar ciki a kunne, hannu biyu a kan sitiyari, ba na kai hannu aljihu sai ya ce in kai, in kuma gaya masa ga inda zan kai. Philando Castile yana da lasisinsa lokacin da ɗan sanda ya tsayar da motarsa ya harbe shi har lahira a Minesota a 2016, kuma fatarmu ɗaya da shi.

Alhajin da ya sa baki a ƙasa yana cewa nasa na Fulorida ne, naka ya ɗan bambanta Alhaji. Shekara 7 yake yi, ma'aikatar gona da kare masu sayayya ce ke bayarwa, in ba a Fulorida kake zaune ba sai ka sake tura sabon zanen yatsu, kuma kwana 180 kawai suke ɗaga ƙafa bayan ya mutu, ba shekara ba. In kana shirin tafiya gida ka daɗe kamar yadda ka ce, ka gama da shi kafin ka tashi, kuma ka zazzage jakar da kake zuwa filin harbi da ita kafin ka zuba mata tsaraba, harsashi ɗaya da ya maƙale a lungun jaka ya isa ya tsayar da kai a filin jirgi.

Kai kuma Malam, ka kira ofishin sherif gobe da safe ka ji yaushe suke da gurbi, sannan ka nemi ajin da zai zo kafin ranar, tunda sai da takardar shaidar horon za su karɓi fom ɗinka.